Bindigar Salla: abin da na gani da na kwance ta

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin mambobi, mai sana'ar gyaran rediyo da salula, ya gabatar a taron tunawa da kafa ƙungiyarmu, a Gidan Sori.



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ina gaida malamanmu da iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo, ina gaida shugabannin ƙungiya, ina gaida baƙinmu na Tsibiri da Gidan Rumji da Cadakori. Ku kuma ƙannena, samari da ƴan mata, da ku zan yi magana yau, don haka ku ba ni kunnuwanku.

Da shugabanni suka ce ni zan yi jawabi, na ce masu ni ba malami ba ne, mai gyara ne. Suka ce to yi magana a kan abin da ka sani. Abin da na sani guda ne: in kwance abu in ga cikinsa. Shi ya sa kuka gan ni da buhu. Bindigogin wasa uku ne a ciki, irin na sojoji, waɗanda ake jerawa a tebur in Salla ta ƙarato. Na ga wasu sun fara murmushi. Ku yi dariyarku yanzu, ba laifi. Amma ku bari in faɗa maku abin da ya sa mutum mai furfura ya tsaya gaban malamai da bindigar roba.

Shekara uku ke nan, ana jibi Ƙaramar Salla, na shiga Maraɗi sayen kayan gyara. Na ga bindiga baƙa mai kyau, na tuna ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara tara, da ya daɗe yana damuna: “Kawu, bindiga.” Na taya, na biya, mai tebur ya ƙara mani leda guda ta ƴan ƙwayoyin roba. Ranar Salla yaro ya yi murna kamar an ba shi doki. Wanshekare da la'asar ina zaune ƙofar gida sai ga shi a guje, ba bindiga, ba takalmi. Na ce mi ya faru? Ya kasa magana. Ƙanwarsa ce, ƴar shekara biyar, ƙwaya ta same ta a idon hagu. Ba ita ya auna ba, gwangwani ya auna, ƙwayar ta bugi bango ta dawo.

Da na buɗe idon sai na ga jini ya kwanta cikin baƙin, kamar an zuba a ƙoƙo. Muka hau babur zuwa gidan likita, suka tura mu Maraɗi. Kwana shida muka yi. Allah ya sa idon bai mutu ba, amma har yau dishi-dishi take gani da shi, a lakwal sai an zaunar da ita gaba. Uwarta ba ta taɓa ce mani uffan a kan wannan magana ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Tun daga ranar, duk bindigar wasan da ta faɗo hannuna sai na kwance ta. Ga abin da na gani.

Daga ina suke zuwa

Yawancin kayan wasan roba na duniya ƙasar Sin ake yin su. Akwai wani yanki da ake kira Chenghai, a birnin Shantou cikin lardin Guangdong, wanda ya yi suna da wannan sana'a, masana'antu ne birjik. Daga can kaya kan bi jirgin ruwa zuwa Lome ko Legas, mota ta kawo su Maraɗi, wasu ta Kano da Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa. Daga Maraɗi masu tebur su saro su zuwa kasuwannin ƙauye.

Yadda ake yin su ba wuya. Ana narka roba a tura ta cikin ƙarfe mai siffar bindiga, kamar yadda mai bugun bulo ke cika abin bugunsa. Ɓari biyu ake fitarwa, dama da hagu, a sa kayan ciki, a haɗe. Masana'antar da ke yin mai kyau ita ce ke iya yin maras kyau. Ɗan kasuwa ne ke faɗin farashin da yake so, su kuma su rage abin da za su rage: kaurin roba, yawan kusa, ingancin fenti. Kenan in kaya ya zo mana rubabbe, da saninmu a ciki, don mu muka ce arha muke so.

Ta farko: mai arha

Ga ta nan, kore da baƙi, ba nauyi, kamar ka ɗauki kara. In ka ɗaga ta ga rana za ka ga haske ya ratsa jikinta. Ku da ke zaune gaba, ku shinshina. Wannan wari na ƙonanniyar leda alama ce ta tsohuwar roba da aka sake narkawa. Roba iri-iri ce. Akwai mai suna ABS, irin wadda ake yin jikin rediyo mai kyau da ita. In ta sha wuya sai ta yi fari a wurin kafin ta karye. Akwai kuma mai gautsi, wadda in ta faɗi sai ta tarwatse kamar kwalba, ta bar tsini. Wannan ta biyun ce. Ranar ƙasarmu kuma, da ke wuce digiri 40 a bazara, tana ƙara busar da ita.

Ciki na tarar da kusa uku kacal, sauran wurin gam ne. Kunamar, wato abin da yatsa ke ja, a kan wani ɗan tsinken roba take juyawa, bai kai kaurin ashana ba. Shi ke fara karyewa. Shi ya sa ake saye ranar Salla, kafin a gama yawon Salla ta zama shara. Ai kun san araha ba ta ado. Uba ya sayar da tiya biyu ko uku ta gero ya saya wa yaro abin da ba zai kwana uku ba, wannan asara ce.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. In ta fashe, tsininta na yanka hannu, ƙananan gutsattsarinta kuma jariri mai rarrafe ke tsinta ya kai baki. Wasu suna da wuta mai walƙiya da ƙara, masu aiki da batir, wanda mu nan muke cewa pil. Ku duba murfin gidan pil ɗin: in ba kusa ke riƙe da shi ba, yaro zai buɗe da farce. Ƙaramin pil ɗin nan mai kama da maɓallin riga, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Wasu kuma an ɗora masu jan haske mai tsini, leza, yara na haska wa juna a ido, shi ma yana iya lahanta gani.

Sai fenti. Ku ga yatsana, gogawa ɗaya na yi ya yi baƙi. A 2007 wani babban kamfanin kayan wasa na Amurka, Mattel, ya janye miliyoyin kaya daga kasuwa, wasunsu saboda an samu dalma cikin fentinsu. Kamfani ke nan mai suna, mai masu awo. Wannan da ke hannuna kwalinta ba sunan masana'anta, ba adireshi. Mun kuma san abin da dalma ke yi wa yaro: a 2010, nan kusa da mu a Zamfara, gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Ba a ganin dalma da ido. Don haka fentin da ke goguwa a hannu, kar a bari ya kai bakin yaro.

Ta biyu: mai ƙwari

Yanzu wani zai ce, to sai a ƙara kuɗi a sayi mai ƙwari. Haka ni ma na yi tunani a kasuwar Maraɗi. Ga irin wadda na saya. Robarta da kauri, kusa takwas, ba ta motsi in ka murɗa ta. A matsayina na mai gyara, na yaba aikin. Cikinta akwai bututu, da abin turi kamar na famfon keke, da murɗaɗɗiyar waya mai tauri, wato sifirin. In yaro ya ja baya ya ɗana, ya taɓa kunama, wayar ta saki, iska ta matse ta fitar da ƙwaya.

Ƙwayar faɗinta milimita 6, nauyin mai arha giram 0,12. Abin raini. Amma irin wannan bindiga tana iya tura ta mita 50 ko fiye a daƙiƙa guda. Ƴan lakwal da suka yi lissafin ƙarfi su auna: jul 0,15 ke nan. A Faransa, tun 1999, doka ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba bindiga mai kama da ta gaskiya in ƙarfin harbinta ya wuce jul 0,08. Kun ji ko? Abin da can aka hana a miƙa wa saurayi ɗan shekara 17, shi na miƙa wa ɗan shekara tara, har da ƙarin leda guda.

A fata ƙwayar zafi kawai take yi, ta bar ja. A ido kuwa daban ne. Ƙashin da ya kewaye ido yana tare ƙwallo da mari, amma wannan ƙanƙantarta ta sa ba abin da ke tare ta, kai tsaye take shiga. Tana kurje fatar ido, tana fasa jijiya jini ya taru a gaba, tana iya jawo yanar ido ko hawan ruwan ido daga baya. Ba mu kaɗai ba ne. A Afganistan, cikin Yuli 2015, bayan kwana uku na Ƙaramar Salla, yara da matasa sama da 100 ne suka samu rauni a ido, har ministan cikin gida ya ba ƴan sanda umarnin ƙwace bindigogin wasa. Musulmi ne kamarmu, Salla ce kamar tamu, kaya ne irin wanda ke tebur ɗinmu.

Malamai na nan zaune, su gyara mani in na yi kuskure. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin sahabi Abdullahi ɗan Mugaffal, da ya ga wani yana harba tsakuwa da yatsu. Ya hana shi, ya shaida masa cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya hana wannan, don ba farauta ake yi da ita ba, ba kuma abokin gaba take karyawa ba, iyakarta ta fasa ido ko ta karya haƙori. Da mutumin ya sake, sahabin ya ƙaurace masa. Ranar da na ji wani malami ya kawo wannan hadisi, bayan mun dawo daga asibiti, sai da jikina ya yi sanyi. Tsakuwa ce da yatsu fa. Ina ga wadda aka yi wa bututu da sifirin?

To ku riƙe wannan: a bindiga mai harbi, ƙwari ba alheri ba ne. Mai gautsi kwana biyu ta mutu, yara su huta. Mai ƙwari sai ta kai wata Sallar tana neman ido.

In tsautsayi ya faɗa

Abin da likitan ido ya koya mana ke nan, ina so kowa ya haddace. Kar a murza idon, kar a danna. Kar a ɗiga komi: ba nono, ba ruwan sukari, ba kwalli, ba maganin da ya rage a gida. A samu gindin kofi mai tsabta a kife a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a ɗaure sako-sako. Yaro ya zauna, kai a sama, kar ya yi guje-guje. Kar a ba shi asfirin, don tana ƙara zubar jini. A kai shi likita a ranar, ko da ya bar kuka, ko da ya ce yana gani. Jinin da ya tsaya yana iya sake ɓallewa cikin kwanakin farko, na biyun kuma ya fi muni. In yaron mai amosanin jini ne, wato sikila, ko akwai ta a gidan, a faɗa wa likita tun a ƙofa, don su hatsarin ya fi yawa. Mu da Maraɗi akwai tafiya, kar a ƙara mata jinkirin “bari mu gani zuwa safe”.

Ta uku: mai kama da ta gaskiya

Wannan sai da na nemi izinin shugabanni kafin in fito da ita, kuma kun ga na riƙe ta baki ƙasa. Baƙa ce, gindinta da fentin itace, gidan harsashinta a lanƙwashe. Ba wanda zai tambayi sunanta a nan. Kwaikwayon Kalashnikov ce, AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyet, 47 ɗin kuma shekarar 1947 ce. Ta gaskiyar tana kai kilo 4, tana cin harsashi 30. Wannan ko kilo guda ba ta kai ba. Amma nauyi sai wanda ya ɗauka ya sani. Mai hange daga nesa siffa kawai yake gani.

A cikin ukun nan ita ta fi tsada, ita aka fi ƙawatawa, ita yara suka fi so. Ita kuma na fi tsoro.

Ƴan uwa, mu tuna inda muke zaune. Iyaka ga ta nan kusa. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi suna gudun ɓarayin daji, da yawansu nan cikin Gidan Rumji suka sauka. Mun ba su masauki, wasu daga baya aka kai su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mu kanmu ba mu tsira ba: an kore shanu, an ɗauki mutane, an sayar da gona an biya fansa. Akwai waɗanda ke zaune cikin taron nan da suka kwana cikin gero saboda wannan siffa da ke hannuna.

Bara, kwana biyu bayan Babbar Salla, gab da magariba, wasu yara uku suka laɓe bayan dangar kara da irin wannan, suka yi rawani da ɗankwalin uwarsu. Mata na dawowa daga rijiya, yaran suka yi tsalle suka fito. Cikin matan akwai wata baƙuwa daga wajen Sabon Birni. Ta yar da tulu ta zura a guje da goyo, ta faɗi, ta tashi, ba ta tsaya ba sai bayan gari. Da ƙyar aka shawo kanta ta dawo. Yara na dariya, wasu manya ma na dariya. Ita kuwa kwana uku ba ta fita ɗaki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya da wasa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah ya hana a tsorata Musulmi. Igiya ce fa, da wasa kuma.

Yanzu ku sake duba wannan magariba, ku cire matan, ku sa motar sintiri a wurinsu. Soja ko jandarma da aka gaya wa an ga ɓarayi a yankin, ya kwana biyu bai runtsa ba, ya hango rawani da bakin bindiga bayan danga. Daƙiƙa nawa gare shi ya tantance? Ko maƙwabci mai bindigar toka da ke gadin garkensa? Wannan ba zato ba ne, ya faru a wasu wurare. A Amurka, ranar 22 ga Oktoba 2013, a garin Santa Rosa na Kalifoniya, wani jami'in tsaro ya harbe yaro ɗan shekara 13 mai suna Andy Lopez, yana tafe da bindigar wasa mai siffar AK-47. Ranar 22 ga Nuwamba 2014, a Cleveland, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, da ƙaramar bindigar wasa a jikinsa. Ƙasar nan tun 1988 dokarta ta ce a sa wa bakin bindigar wasa alama mai ruwan lemo don a gane ta. A duka biyun alamar ba ta nan. Tamu ma wasu suna zuwa da ita, amma abu na farko da yaro ke yi shi ne ya ɓalle ta ko ya shafe ta da baƙi, don ta fi kama da ta gaske.

Kun ga inda maganar inganci ta kai mu. Maras ƙwari tana cin kuɗi, mai ƙwari tana cin ido, wadda aka fi gwanintar ƙerawa kuma tana iya cin rai. Duk yadda maƙerin ya ƙware, haka hatsarin ke ƙaruwa. Ban san wani kaya a kasuwa mai irin wannan hali ba.

Abin da yara ke koya

Ban ce duk yaron da ya riƙe bindigar roba zai zama ɓarawo ba. Mu ma mun yi bindigar kara, ga mu nan. Amma don Allah in kun ga suna wasa ku tsaya ku saurara. Ni na tsaya. Na ji suna rabon aiki: wane soja, wane ɓarawon daji, wane wanda za a kama. Gardamar da suke yi a kan wa zai zama ɓarawo ce, kowa shi yake so, don shi ake kai wa kuɗin fansa. Ganyen bedi ne kuɗin. Har da mai riƙe guntun katako a kunne yana ciniki: “Miliyan biyu, ko mu kashe shi.” Ba su ƙirƙira ba, abin da suka ji a bakinmu ne. Amma mu ne muka saya masu kayan aikin.

Manzon Allah ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu, kar ya ji wa wani. Hukuncin roba na malamai ne. Ni abin da nake dubawa tarbiyya ce: addinin da ya koya mana mu rufe tsinin kibiya a kasuwa, mu kuma muna koya wa ɗan shekara shida ya auna kan ƙaninsa ya ja kunama, a ranar da muka fito daga Idi muna yafe wa juna.

Kar kuma wani ya fita nan ya ce an hana wasa. Nana A'isha tana da ƴan tsana, har da doki mai fukafukai, Manzon Allah ya gani ya yi dariya. Ranar Idi mutanen Habasha sun yi wasa da masu a masallaci, ya tsaya ta kalla. Matan sahabbai suna yi wa yara abin wasa da ulu don su manta yunwa ranar azumin Ashura. Wasa haƙƙin yaro ne. In ka ƙwace masa abu ba ka ba shi wani ba, ka zalunce shi, kuma zai je ya ari na maƙwabci.

Mu ma ba matalautan wasa ba ne. Wa ya manta motar kara da ta langa-langa, da shanun laka da muke gasawa? Yaron da ya ƙera mota da hannunsa ya koyi awo da haƙuri, in ta lalace shi zai gyara. Ni nan a kan motar waya na fara sana'ata. Ga langa, ga dara, ga ƙwallo, ga kokowa, wadda tun 1975 ake gasar takobinta a ƙasar nan, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin a Tawa.

Abin da nake roƙon ku

Na zaɓi in yi maganar nan da ku ne don ba tsofaffi ke sayen bindigar nan ba. Mu ne: yayye, kawunnai, masu dawowa daga ci-rani da tsaraba, samari masu neman shiga wurin ƙanen budurwa. Masu kasa ta a tebur ma yawancinsu sa'o'inku ne, wasu mambobinmu ne. Don haka gyaran a hannunmu yake.

Na ɗaya, kowane mamba ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah: ba zai sayi mai harba ƙwaya ba, ba zai sayi baƙa mai kama da ta sojoji ba, ko don tsaraba ko don barka da Salla. In yaro ya nace sai bindiga, a saya masa ta ruwa, mai launin rawaya ko ja, wadda ko daga ƙarshen gona aka hango an san wasa ce.

Na biyu, duk abin wasan da za ku saya, ku gwada shi gaban mai shi. Ku shinshina. Ku goga yatsa a fenti. Ku bi gefensa da hannu ku ji ko akwai kaifi. Ku ja ƙananan sassansa ku ga ko suna fita. Ku duba murfin pil. In kun ga hoton fuskar jariri cikin jan da'ira, an ja layi a kai, an rubuta 0-3, ma'anarsa kar a ba wanda bai kai shekara uku ba. Ku tuna kuma a gidajenmu abin da aka saya wa babba, ƙarami ma zai taɓa shi.

Na uku, masu tebur. Kar mu jira sai sun zuba jarinsu mu je muna yi masu wa'azi, wannan ba adalci ba ne. Wata guda kafin Salla, tun ba su tafi sari ba, ƙungiya ta zauna da su. A gaya masu abin da ba za mu saya ba, a gaya masu abin da za mu saya: ƙwallo, mota, ƴar tsana, balan-balan. Ɗan kasuwa riba yake nema, ba idon kowa ba. Kai kuma mai tebur, in ka san abu kwana biyu zai yi, faɗa wa mai saye. Ka san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama, da abin da Manzon Allah ya ce masa.

Na huɗu, wanshekaren Salla ƙungiya ta shirya wa yara fili: gasar ƙera mota da kara da waya, langa, kokowar yara, tsere. Wanda ya kawo bindigar ƙwaya a karɓa a ba shi ƙwallo. Ni na ɗauki nauyin ƙwallo biyar na farko, shugaba ya rubuta. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara.

Na biyar, mu roƙi limamanmu su sa kalma biyu a huɗubar Juma'ar da ke gaban Salla, ƴan uwa mata kuma su kai maganar taimakon farko na ido makarantun Islamiyya da gidajen suna, don uwa ce ke fara ganin yaro in ya shigo da kuka.

Shugabanni sun ce za a buga wannan jawabi cikin ɗan littafin tunawa. Kai da za ka karanta shi daga baya, ko ba ka zo taron ba, roƙona gare ka shi ne ka sake buɗe wannan shafi cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da tebura suka cika. Ƴar ƙanwata tana aji uku yanzu. In tana karatu sai ta karkata kai, ta kawo littafi wajen idon dama. Kullum na gan ta haka sai in tuna leda guda ta ƙwaya da aka ƙara mani, har na yi godiya.

Allah ya tsare mana ɗiyanmu, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya maida waɗanda suka bar gidajensu gida cikin aminci. Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka da haɗin kai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, ku yafe mani.